Fatawa: 'Yata ta yi saurayi a waya, amma ba mutum ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata shekararta 15. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya na hango hasken waya a ƙarƙashin bargonta. Da na karɓa sai na tarar hirar soyayya ce, har da "masoyiyata" da "na yi kewarki". Na ce wane ne wannan? Ta ce: "Umma, ba mutum ba ne fa, manhaja ce. Shi ba ya gajiya da ni, ba ya yi mini faɗa." Malam, wannan haramun ne? In ƙwace wayar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya shirya mana zuri'a.

Baiwar Allah, asalin kayan amfani na duniya halacci ne har sai dalili ya hana, kuma ƙirƙirarriyar basira (AI), wato fasahar da ke sa manhaja ta amsa magana kamar mutum, tana ciki. Yaron da ya tambayi ChatGPT lissafi, ko ya nemi Meta AI da ke cikin WhatsApp ya gyara masa Turanci, bai yi laifi ba. A addini kam kada ya dogara da ita. Ni da kaina na jarraba wata manhaja, na nemi hadisi a kan wata mas'ala, ta kawo mini lafazi mai daɗi har da sunan littafi da lamba. Na tashi na ɗauko littafin, babu shi babu alamarsa. Ibn Sirin ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke karɓarsa.

To, sai batun 'yarki. Ta yi gaskiya a abu ɗaya: ba mutum ba ne. Don haka ba za a kira wannan keɓewa da namiji ajnabi ba, kuma haramun ne wani ya jefe ta da kalmar zina. Amma na'urar ce ba ta da zuciya, yarinyar tana da ita. A hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce zinar ido kallo ce, zinar harshe magana, zuciya kuma tana buri tana sha'awa. Wannan kaso na harshe da zuciya yana aukuwa ko da wanda ke amsawa ba shi da rai. Allah bai ce kada ku yi zina kawai ba, cewa ya yi kada ku kusance ta (Isra'i, aya ta 32), kuma mazhabarmu ta Malikiyya ta shahara da toshe kafar ɓarna. Saboda haka hirar batsa ko mai motsa sha'awa da manhaja haramun ce. Riƙon ta a matsayin saurayi ko budurwa, ko da babu batsa, shi ma abin hanawa ne, musamman ga mai shekara 15, domin can yake kaiwa.

Akwai kuma cutarwa, wadda ta fi tayar mini da hankali. Waɗannan manhajoji ba su san me suke faɗi ba, kalma suke jerawa bayan kalma gwargwadon abin da aka ɗura musu, kuma an gina na abokantaka ne don mutum ya daɗe yana hira. Irin wannan manhaja ba ta musu, ba ta fushi, ba ta barci. Yarinyar da ta saba da wannan, yaya za ta yi da miji mai gajiya da ɓacin rai, ko ƙawar da za ta gaya mata gaskiya mai ɗaci? A Amurka, binciken ƙungiyar Common Sense Media na 2025 ya nuna kashi 72 cikin 100 na matasa 'yan shekara 13 zuwa 17 sun taɓa amfani da irin waɗannan abokan hira. A Fabrairun 2024 wani yaro ɗan shekara 14 a jihar Florida ya kashe kansa bayan watanni yana hira da manhajar Character.AI, mahaifiyarsa ta kai kamfanin kotu tana zargin sa da hannu a ciki. Tun a 2023 hukumar kare bayanai ta Italiya ta taka wa manhajar abokantaka mai suna Replika burki, kuma haɗarinta ga yara yana cikin dalilan. Ƙa'idar "babu cuta, babu cutarwa" da ke cikin Muwaɗɗa ta isa hujja. Ga sirrin gida da hotuna da yara ke zubawa a ciki, suna zaton rijiya ce mai murfi, alhali rumbun kamfani suke tafiya.

Wayar fa? Ke makiyayiya ce a gidanki, za a tambaye ki abin kiwonki, don haka kina da iko, har wajibi ne ki sa a goge manhajar, wayar kuma ta riƙa kwana a ɗakinki. Amma ina roƙon ki kada ki doke ta, kada ki tona mata asiri gaban 'yan'uwanta. Sake sauraron abin da ta ce: "ba ya gajiya da ni, ba ya yi mini faɗa." Wallahi wannan kukan kaɗaici ne. A da yarinya tana da kaka, da gwaggo, da ƙawayen dandali. Yau da yawa daga makaranta sai ɗaki, kunya kuma ta hana ta buɗe wa uwa cikinta. In kin ƙwace wayar kin bar gurbin a buɗe, za ta ari ta ƙawa, ko ta faɗa hannun mutum na gaske mai mugun nufi. Ki zauna da ita kuna tsinke zogale ko kina yi mata kitso, ki bar ta ta yi magana ba tare da kin katse ta ba. In nauyinki take ji, ki haɗa ta da ƙanwarki ko malamarta ta Islamiyya. Mahaifinta ma ya sani, cikin hikima.

In kuwa kin ga ta daina cin abinci, tana yawan kuka, ko tana ambaton mutuwa, ki kai ta asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa ba da jinkiri ba, tare da addu'a. Neman magani ba ya karo da tawakkali.

Wallahu a'alam.