Tambaya da Amsa: Mama, ina addu'a amma barci ya ƙi zuwa

TAMBAYA: Salama Mama, ina gaishe ki a cikin sunan Yesu. Ni mace ce 'yar shekara 38, ina zaune a Kaduna da yarana huɗu. Maigidana direba ne, tunda aka cire tallafin mai a 2023 abinda yake kawowa gida ya ragu sosai, wata rana ma ya fita tun asuba ya dawo ba komai sai gajiya. Ni kuma ƙosai nake soyawa a bakin layinmu, to wake yayi tsada mai yayi tsada, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Matsalata da dare ne Mama, ƙarfe biyu nayi sai idona ya buɗe inta lissafi, kuɗin haya ga shi nan tafe, babbar 'yata zata rubuta WAEC ban biya ba, in ɗan autana yayi tari sai zuciyata tace shikenan asibiti. Ina addu'a, ina zuwa sujada, amma abin bai bar ni ba. Na faɗa wa wata a Zumuntar Mata sai tace wai rashin bangaskiya ne, tun ranar na kama bakina. Don Allah Mama zunubi nake yi? Daga wata 'yarki a Kaduna.

AMSA: Salama 'yata, sannu. Sannu da hayaƙin murhu, sannu da ɗawainiyar yara. Na karanta wasiƙarki har sau biyu kuma abinda yafi taɓa ni shine inda kikace kin kama bakinki, don haka daga nan zan fara.

'Yar'uwar nan da tace miki rashin bangaskiya ne, ƙila da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma bata kyauta ba, kuma ban yarda da ita ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki buɗe 1 Sarakuna sura 19 ki ga annabi Iliya, mutumin da ya roƙi wuta ta sauko daga sama a dutsen Karmel ta kuma sauko, amma da sarauniya Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa sai ya gudu jeji ya zauna gindin wani itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. To me Allah yayi masa? Bai tsawata masa ba fa. Mala'ika ya aiko ya tashe shi, ga waina a kan garwashi ga tulun ruwa a wajen kansa, ya ci ya sha ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai bayan nan aka yi maganar tafiya. Allahn da ya fara ba bawansa abinci da barci kafin wa'azi ba zai juya miki baya don kin farka ƙarfe biyu kina tunanin yaranki ba. Ubangiji Yesu kansa a Getsamani ya gaya wa almajiransa cewa ransa na cike da baƙin ciki har kamar ya mutu, bai ɓoye ba, har ya roƙi Bitrus da Yakubu da Yohanna su zauna su yi tsaro tare da shi.

Yanzu bari in baki nawa labarin. Akwai shekarar da albashin maigidana ya tsaya wata da watanni, malamin makaranta ne, yaranmu duk ƙanana a lokacin. Buhun masara ɗaya ya rage mana a kusurwar ɗaki. Kullum in dare yayi kowa ya kwanta sai in ɗauki tocila in je in zura hannu a buhun nan ina auna inda ya kai, taƙi uku, taƙi biyu da rabi, in dawo kan gado inta raba shi da kwanaki, mudu kaza a rana zai kai mu ranar kaza. Masarar bata ƙaru da ƙwaya ɗaya ba saboda awon da nake yi, ni ce dai na rame, kaina kullum ciwo, yaro yayi ƙaramin laifi in hau shi da faɗa. Wata safiya muna addu'ar iyali sai ƙaramar 'yata ta ja mu Addu'ar Ubangiji da muryarta ta yara, da ta zo wajen da muke roƙon abincin yau sai na kasa ci gaba, hawaye kawai. Shekara nawa ina faɗin kalmar nan a baki amma ashe zuciyata abincin wata shida take nema a hannu kafin ta yarda ta kwanta.

Kinga haka Allah ya koyar da Isra'ilawa a jeji, Fitowa sura 16. Manna, wato abincin da Allah ke sauko musu da shi, tana sauka kowace safiya banda ranar Asabar, kowa ya ɗebi daidai cikin mutanen gidansa na yini ɗaya, waɗanda tsoro yasa suka ɓoye saura don gobe da gari ya waye suka tarar tayi tsutsa tana wari. Rana ta shida kaɗai ake ɗiban na kwana biyu saboda Asabar. Shekara 40 suna haka kuma mannar bata yanke musu ba. Shi yasa a Matiyu 6:34 Yesu yace kada mu damu don gobe, wahalar kowace rana ta ishe ta. Lura fa bai ce babu wahala ba, ya sani akwai, cewa yayi kada ki haɗa kayan gobe da na jibi ki ɗora kan na yau, wuyan mutum ɗaya ba zai ɗauka ba. Ƙarfin da Allah ya baki yau na yau ne, kuɗin hayar da bai iso ba in kika ɗauko shi ƙarfe biyun dare, kin ɗauko shi ne a lokacin da ba mai gidan hayar a farke, ba kasuwa a buɗe, ba abinda hannunki zai iya yi.

Kada ki ji kamar ina cewa ki naɗe hannu, a'a. Ga abinda ya taimake ni. Da yamma kafin ki kwanta ki samu tsohon littafin rubutu na yara ki rubuta abubuwan da ke cin ranki da sunansu, haya, WAEC, tarin auta. Wanda akwai abinda zaki iya yi a kai sai ki rubuta a gefensa, misali gobe zan je makaranta in roƙi a bari in biya kashi biyu, ko zan yi wa mai gidan hayar magana tun yanzu kafin lokaci ya cika, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda yafi ƙarfinki ki ɗora hannu a kai ki faɗa wa Ubangiji da bakinki yadda zaki faɗa wa babanki, sannan ki ambaci abu uku da yayi miki a ranar ko da ƙosan ya ƙare da wuri ne ki gode. Abinda Filibiyawa 4:6-7 ke nufi kenan, roƙo tare da godiya, kuma Bulus daga kurkuku ya rubuta wannan, ba daga kan kujerar hutu ba. In kika farka cikin dare tunanin ya dawo, ki ce masa na riga na miƙa ka, ki karanta Zabura 4:8 a zuciya. Zai dawo fa, ni nawa ya sha dawowa, sau goma in ya zo sau goma zaki mayar, 1 Bitrus 5:7 da yace mu miƙa wa Allah dukan damuwarmu bai sa iyaka ba.

Sai maganar shirun nan. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, Galatiyawa 6:2 kuma tace mu ɗauki nauyin juna. Ki nemi uwa ɗaya mai riƙon asiri a majami'arku, ko matar fasto, ki buɗe mata cikinki. In akwai adashi a Zumunta ki roƙi a baki kwasa kusa da lokacin biyan jarrabawar. Maigidanki ma ki zauna da shi, ina kyautata zaton shima idonsa biyu a gefenki yana nasa lissafin, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa.

Kuma don Allah 'yata ki je a auna miki hawan jini a asibiti ko kemis mafi kusa, in ya kai 140/90 ko ya wuce ki ga likita. In rashin barcin ya ɗauki makonni, abinci ya fita ranki, ko kika fara jin gara ma ki mutu, kada ki jira, ki gaya wa wani a ranar ki je asibiti. Shan magani baya rage bangaskiya, Luka da ya rubuta mana Bishara ai likita ne. Sunanki ban sani ba amma tun daren jiya kina cikin addu'ata, ki sake rubuto min bayan wata ɗaya in ji yadda maganar makarantar ta kasance.

TAMBAYA: Mama ni ɗalibi ne a Jos, duk dare sai na duba waya naga labarin kashe-kashe da satar mutane, daga nan sai gabana yaita faɗuwa har safe. Ya zanyi?

AMSA: Ɗana, tsoronka ba na banza bane, abin yana faruwa kuma muna kuka da shi. Amma hoton gawa da ake turowa a WhatsApp ƙarfe ɗayan dare ba zai tsare ka ba. Ka ji labarai sau ɗaya da rana daga kafar da ka yarda da ita, in akwai hanyar da aka ce a kauce mata ka kauce, ka yi addu'a domin garuruwan da abin ya shafa kana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe tara nayi ka sa wayar caji nesa da gadonka, ka buɗe Zabura 121 ka karanta da murya, in kuna da yawa a ɗakin ku karanta tare.