Ku Tambaya Mu Amsa: Shirya Wasan Kwaikwayo a Sakandare

Tambaya: Ni malama ce a wata sakandare. An ɗora mini shirya wasan kwaikwayo na bikin ƙarshen zango, saura mako 8. A na bara yara sun yi ta mantuwa, waɗanda ke bayan zaure kuma ba su ji komai ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, mako 8 ya ishe ki, muddin kin fara da agogo. Masu shirya wasa suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: kowane minti ɗaya a kan dandamali yana cin kusan awa ɗaya ta gwaji. Wasan minti 30 ke nan yana son awa 30. In kuna haɗuwa sau 3 a mako, awa ɗaya da rabi kowane zama, zai cinye kusan mako 7. Saboda haka ki zaunar da yaran su karanta rubutun a bayyane kina duba agogo, ki ƙara minti 5 na shiga da fita da sauya kaya. In ya zarce minti 30, ki datse shi yanzu, tun kafin wani yaro ya haddace abin da za ki cire, ransa ya ɓaci.

Makon farko na karatu ne da rabon matsayi, kuma kowane babban matsayi ki sa masa ɗan ko-ta-kwana, don rashin lafiya ba ta sallama. Mako na 2 da na 3 ki tsara inda kowa zai tsaya da ƙofar da zai bi, ki shata wurin a ƙasa da alli ko salatif. Ƙarshen mako na 4 kowa ya ajiye takarda, ko da ana tuntuɓe. Makon ƙarshe a yi cikakken gwaji sau 2 da sutura da duk kayan wasa, ba tsayawa.

Mantuwar da kika gani bara, galibi ba rashin hadda ba ce. Yaro ya haddace maganarsa tsaf, amma bai san lokacin faɗinta ba, sai ka gan shi tsaye yana zare ido alhali maganar tana bakinsa. Ki sa kowa ya haddace kalmomi 3 ko 4 na ƙarshen maganar abokinsa tare da tasa. Sannan ki ajiye ɗalibi ɗaya a bayan labule da rubutun a hannu, mai tunatarwa da murya ƙasa-ƙasa.

Batun ji kuwa, a kujerar ƙarshe za ki riƙa zama lokacin gwaji. Duk kalmar da ba ki ji ba ki ɗaga hannu a maimaita. Abu uku ke cinye magana: sauri, haɗiye ƙarshen kalma, da juya wa 'yan kallo baya. Ihu ba magani ba ne, dishewa kawai yake kawowa. Yaro ya ɗora hannu a cikinsa ya ja numfashi. In kafaɗa ce ta ɗaga, bai yi daidai ba, ciki ne ya kamata ya taso. Idan akwai makirufo, lasifika ta kasance gaba da shi, tana fuskantar jama'a. Ƙarar nan mai tsinin da ke huda kunne tana tasowa ne sa'ad da makirufo ya sake ɗaukar abin da lasifika ta fitar. Mara waya kuma a sa masa sabon batir ranar bikin.

Tambaya: Ɗana yana ajin ƙarshe, ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ina tsoron kada ta ci masa karatu. In hana shi?

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya, amma ba mu ga dalilin hani ba tukuna. Ka nemi jadawalin gwajin daga malamin ƙungiyar. Awa 4 zuwa 5 a mako ba za ta ta da karatu ba. Abin da ke ta da shi shi ne gwajin da ba a san lokacin tashinsa ba. Ka gindaya sharaɗi biyu: aikin gida ya riga gwaji, kuma a dakata mako 2 kafin jarrabawa. Ka kwatanta makinsa na zangon nan da na baya, shi zai raba gardama. Yaron da ya saba tsayawa gaban taro yana magana a tsanake ya samu abin da zai yi masa rana. Ya kuma karɓi takardar shaidar shigarsa ƙungiyar kafin ya bar makarantar.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. A gwaji ba na kuskure, amma da na ga taro sai hannuna ya kama rawa, bakina ya bushe.

Amsa: 'Yata, jikinki ne ke sakin sinadarin adirenalin, shi ke sa zuciya bugawa da sauri, har ƙwararru yana kama su. Kafin ki fita ki ja numfashi kina ƙirga 4, ki sake shi a hankali kina ƙirga 8, sau 5. Ki kurɓi ruwa kaɗan. Jimlarki ta farko ki maimaita ta har ta zama kamar sunanki, don nan ne tsoron ya fi ƙarfi. In kin fito, ki kalli abokin wasanki, ko bangon da ke sama da kawunan layin ƙarshe.