Na canza kalmar sirri, an ɓoye mini sunan wayfai, amma data na ƙarewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Ƙofar Marusa, Katsina. Data ta wata guda ba ta kai mini kwana 10. Sau uku ina canza kalmar sirrin wayfai, har na biya wani mai gyaran waya ya ɓoye sunan. Abin da ke hana ni barci shi ne da wannan layin nake shiga asusun banki. Shin an shiga rautar tawa ne, wato na'urar da ke ba ni wayfai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Mai yiwuwa an shiga, amma ba ta ƙofar da kake gadi ba.

Rauta makulli biyu gare ta. Na farko shi ne kalmar da kake ba mutum ya hau wayfai. Na biyu shi ne na shafin saiti, wanda ake buɗewa da 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a yawancin na'urorin Huawei. A shago bayan shago nakan tarar da shi yadda kamfani ya bar shi, suna admin, kalmar sirri ma admin. Yaron da ya hau wayfai ɗinka sau ɗaya zai iya shiga nan ya buɗe layin baƙi ko ya kunna WPS (hanyar hawa wayfai da maɓalli ko lamba ba tare da kalmar sirri ba), ya bar wa kansa hanyar dawowa. Kai kana ta canza kwaɗon zaure, shi ya riga ya fasa katanga ta baya. Da irin waɗannan kalmomi na kamfani, kusan guda 60, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame rautoci da kyamarori a faɗin duniya a 2016.

Batun ɓoye suna kuwa, wallahi ya ishe ni. Kusan kullum sai wani ya zo mini yana murna wai an ɓoye masa layi, babu mai ganinsa. Ƙarya aka sayar masa. Rautar tana nan tana watsa siginarta, sunan kawai ta cire daga sanarwar da take yi. Da zarar wayarka ta haɗu da ita, sunan zai bi iska a fili, kuma manhajar kyauta ta isa ta kama shi. Abin haushin ma, wayar da ta saba da ɓoyayyen layi takan riƙa kiran sunansa duk inda ka je, ko a Babbar Kasuwa kake ko a tashar motar Daura. Mai gyaran ya karɓi kuɗinka, ya sa ka saki jiki, bai ko taɓa kalmar admin ba. Sakin jikin nan shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin wanda ya yarda an kare shi ba ya sake dubawa. Jama'a, wanda ya iya canza gilashin waya ba lallai ne ya san tsaron intanet ba. In bai sani ba, ya ji tsoron Allah ya ce bai sani ba.

Game da banki, manhajar banki tana kulle bayananta da kanta. Haɗarin shi ne mai riƙe da saiti zai iya canza DNS (tsarin da ke kai ka shafin da ka rubuta sunansa), ya karkatar da kai zuwa shafin bogi. In ka ga gargaɗi cewa shafi ba amintacce ba ne, kada ka wuce.

Yau ɗin nan ka sa tsinke a ɗan ramin da ke bayan rautar, ka danne kamar daƙiƙa 10, ta koma yadda ta fito daga kwali. Ka fara da canza kalmar admin, sannan ta wayfai, kuma kada ta zama lambar wayarka. Zaɓi tsarin kulle wayfai na WPA2 ko WPA3, ka kashe shiga saiti daga nesa, ka sabunta manhajar rautar. WPS kam a kashe shi: tun 2011 wani mai binciken tsaron intanet, Stefan Viehböck, ya nuna lambobinsa 8 ana duba su rabi-rabi, gwaji bai wuce 11,000 ba.

Sannan ka dubi yaron shagonka. Daga Android 10 zuwa sama, wayar da ke kan layi tana iya fitar da hoton QR, aboki ya ɗauka ya hau ba tare da an faɗa masa komai ba. Buɗe jerin na'urorin da ke haɗe da yamma, ka ƙirga su da naka.