Yaya, kada a sayo kafet ɗin falon amarya daga Kano

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya hidimar biki? Allah Ya kai mu ranar lafiya, Ya sanya albarka a ciki.

Na saurari saƙonki. Kin ce ana lissafin kayan ɗakin ɗiyarmu da za ta tare a nan Ingila, da aka zo kan falo sai magana ta tsaya: wasu na cewa a sayo mata kafet na gani na faɗa a aiko, wasu na cewa ai kafet ya zama tsohon yayi, yanzu kowa tayil yake sawa. Kika kuma tambaye ni me ya sa duk wanda kika kira ta bidiyo a Ingila sai ki hango kafet malale har kan matattakalar bene, alhali ku can kun daɗe da naɗe naku.

Abin da ya kori kafet daga falukan Kano, Yaya, babu shi a nan. Ku ƙurar hunturu ce ta ishe ku, ga zafin bazara da ke sa mutum neman sanyin tayil ya kwanta a kai. Mu kuwa sanyi ne da danshi. A nan Manchesta, a watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, kuma tun daga Oktoba har wajen Afrilu hita ake kunnawa. Kusan gida ɗaya cikin biyar a Ingila an gina shi ne kafin 1919, kuma irin waɗannan tsofaffin gidajen na jere su ne mutanenmu suka fi samu haya. Yawanci ƙasan falonsu ba daɓen siminti ba ne. Katakai ne aka jera, ƙarƙashinsu sarari, an bar 'yan ramuka a jikin bango don iska ta riƙa ratsawa kada katakon ya ruɓe. Wannan iskar takan biyo tsakanin katakan ta hau ƙafar mutum. Shi ya sa Bature ke shimfiɗa soso mai kauri, ya ɗora kafet daga bango zuwa bango. Tun da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, duk abin da zai riƙe ɗumi a ɗaki ba wanda ke raina shi. Tayil kuwa a kicin da banɗaki kawai aka fi ganinsa, don a falo sai an bi ƙarƙashinsa da abin ɗumama ƙasa, wannan kuma aikin masu hali ne.

Sai dai sau da yawa zaɓin ma ba a hannun amarya yake ba. In gidan haya ne, abin da ta tarar a ƙasa da shi za ta zauna, ba ta da ikon ɓamɓarewa sai da yardar mai gidan hayar. Ranar shiga ana ɗaukar hoton kowane lungu, ranar fita a gwada. Akwai kuɗin ajiya da ake bayarwa, wanda tun 2019 doka ta ce a yawancin gidaje kada ya wuce hayar mako biyar, kuma daga cikinsa ake cire diyyar tabo ko ƙuna. In kuma bene ne da wani ke zaune a ƙasanta, yarjejeniyar gine-gine da yawa ta wajabta kafet saboda ƙara. Wannan ba fitina ba ce ta Turawa, gaskiya suke da ita. Ƙasan katako komai yana kai wa na ƙasa: gudun yara, jan kujera, kai-komon sahur da tsakar dare, balle a ce an ɗan daka tattasai a turmi. Haƙƙin maƙwabci ne, kuma mu ya kamata mu fi kowa kiyaye shi. Gidajen da ƙaramar hukuma ke bayarwa haya ne suka bambanta, don yawanci a Ingila haka ake miƙa su ƙasa tsirara in ban da kicin da banɗaki, mai shiga shi zai san abin da zai shimfiɗa.

To inda zaɓin ya zo hannunmu fa? Nan ne zamanmu ya sha bamban da na masu ƙasar. Bature a kujera yake zama, a tebur yake ci, wani ma da takalminsa yake shiga falo. Mu ƙasa ce wurin zamanmu. Ranar suna ko walimar sauka, ko shan ruwa da azumi, ana tura kujeru jikin bango ne, mata su baje a ƙasa, a shimfiɗa leda a jera kulolin tuwo da miyar kuka da waina. In lokacin salla ya yi, a wannan falon maigida zai ja iyalinsa, musamman da sanyi da Azahar, La'asar da Magariba ke zuwa kusa da kusa. Ke nan muna son ƙasa mai taushi da ɗumi fiye da Bature, muna kuma buƙatar ta da tsarki fiye da yadda shi ya damu.

Maganar tsarkin nan ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ita ce matanmu ke yawan kawowa in an haɗu. Yaro ana koya masa zaman fo, ya yi fitsari a tsakiyar falo. A kan tayil ko leda, a share, a zuba ruwa, a goge, an gama. A kan kafet ɗin da aka kafe da ƙusoshi kuwa, fitsarin ya ratsa ya shige soson ƙasa. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa najasa da ruwa tsarkakakke ake gusar da ita, kumfar kanti da ake fesawa tabo kawai take ɗaukewa. Sai an kwarara ruwa an tsane, an sake. A Kano da sai a fitar da shi tsakar gida, kafin La'asar ya bushe ƙarau. A nan ina ranar? Sai ya kwana biyu a jiƙe, in ba a yi sa'a ba ya fara warin danshi, wanda ba ya yi wa mai asma daɗi ko kaɗan. Haka kuma wadda ta tarar da tsohon kafet a gidan haya ba ta san wa ya zauna a kai ba. Gidaje da yawa a nan da kare ake kwana. A mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, amma zuciya ba ta natsuwa ta ɗora goshi a wurin. Shi ya sa abu na farko da muke yi wa sabuwar zuwa shi ne mu ɗauko hayar injin wankin kafet a babban kanti, a wanke gidan tas kafin a shigo da kaya.

Ga manja, ga zoɓo, ga shayi. Ga kuma turaren wuta, wanda ba Bahaushiyar da za ta bari don ta zo Turai. Garwashi ɗaya ya faɗo daga kasko, ya bar baƙin rami a kafet, kuɗin ajiya ya tafi. Yawancinmu mun koma kaskon lantarki, don gawayi a ɗakin da aka rufe tagogi ruf haɗari ne ga numfashi, ga na'urar jin hayaƙi da doka ta sa a gidajen haya tun 2015 tana ta ihu.

Saboda haka abin da akasarin waɗanda suka daɗe suka tsaya a kai, ni ma shi na fi so, shi ne a raba. Ɗakunan kwana da matattakala a bar musu kafet. Falo a sa masa ƙasa mai tauri, a ɗora babbar darduma da za a iya naɗewa. Ƙasan iri biyu ne. Akwai lamineti, wato garin katako da aka matse aka yi masa fuska kamar katako na gaske. Yana da sauƙin kuɗi, amma ba ya shiri da ruwa, in aka yi masa irin gugarmu ta tsumma sharkaf sai bakinsa ya kumbura. Akwai kuma leda mai kauri da ake jerawa falle-falle. Kada ki ji leda ki tuna ledar ɗakin da muka taso a kai, wannan sau da yawa ta fi laminetin tsada, kuma ita ba ruwanta da ruwa. Ga gidan da za a haifi yara in sha Allahu, ita zan zaɓa. Dardumar kuwa a samu mai mita biyu da kusan uku, wadda mutum takwas za su zauna a kai a wadace, mai duhun launi da zane, a sa mata abin hana santsi a ƙasa saboda tsofaffi da yara. In ta ɓaci a naɗe a kai wanki, in an tashi daga gidan a tafi da ita. Irin na Turkiyya da kuke saya a Kano suna nan a shaguna birjik.

Wadda ke saman bene ko a gidan hayar da ke da kafet, ba ta da wannan damar. Ita sai ta ɗora darduma a kan kafet ɗin, ta ware kusurwar salla da yara ba sa wasa a wurin, abinci kuma kada a sauke shi sai a kan leda.

Don haka, Yaya, kafin a fitar da ko kwabo, a tambayi ango abu uku: gidan nasa ne ko haya, a ƙasa yake ko a sama, kuma me ke shimfiɗe a falon yanzu. Ya turo hoto. Jere a nan ba irin na gida ba ne, iyaye kuɗi suke turowa, mu da ke kusa mu raka amarya kanti bayan ta ga ɗakin da idonta an auna shi. Akwatin jirgi yawanci kilo 23 ne, kuɗin aiko da babban kafet kuma zai iya sayen wani sabo a nan. Wurin da ya rage a akwatin a cika mata shi da dardumar salla masu kyau, ledar cin abinci manya guda biyu, turaren wuta da humra, kuka da daddawa. Ki gaishe mini da su Hajiya da duk 'yan gida.