Tambaya da Amsa: Da Gaske Akwai Rara a Kan Lambar da Ke Jikin Allon Gada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tuƙi, amma da ƙananan motoci da bas na saba. Kwanan nan na sayi motar-gida ta hannu, irin mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki. Tsawonta ya haura mita 7, takardarta ta ce daga ƙasa zuwa rufi mita 3.05 ne, faɗinta kuma 2.3. Wanda na saya a hannunsa ya ɗora mata na'urar sanyaya ɗaki da dish a sama. Ina shirin ɗaukar iyali mu yi doguwar tafiya, hanyar kuma akwai ramukan da aka fasa cikin dutse da tsofaffin gadoji matsattsu. Tun da na ga hotunan hanyar hankalina ya ƙi kwanciya. Wani abokina ya ce kada in damu, duk lambar tsayi da aka rubuta a allon gada akwai rarar taƙi ɗaya ko biyu a samanta, in ma wuri ya matse sai in sace iskar taya in lallaɓa in wuce. Haka ne? Kuma yaya zan yi da gadar da ba ta ɗaukar mota biyu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoron nan naka a kan hanya yake, kuma ya fi ƙarfin halin abokinka amfani. Amma kafin mu zo kan maganarsa, akwai abin da ya fi gaggawa: har yanzu ba ka san tsayin motarka ba. Lambar 3.05 ta ranar da ta fito daga kamfani ce. Na'urar sanyaya ɗaki ita kaɗai kan ƙara santimita 20 zuwa 30, ga dish, ga murfin tagar rufi. Ka kai ta wuri mai daidaitaccen ƙasa, taya cike da iska, tankunan ruwa babu komai, domin mota in ba ta da kaya ta fi miƙewa. Ka ɗora miƙaƙƙen katako a gicciye bisa abin da ya fi komai tsayi a rufin, ka auna daga katakon zuwa ƙasa ta hagu da ta dama. Ba zan yi mamaki ba in ka samu 3.3. Ka ƙara santimita 10 a kai, ka rubuta 3.4 da manyan baƙaƙe, ka manna a inda idonka zai faɗa kansa kana riƙe da sitiyari. A Ingila ma doka ce, motar da ta wuce mita 3 sai an liƙa tsayinta a gaban direba. Ka rubuta har da ƙafa da inci, saboda a Amurka da su ake rubuta allo, a Ingila ma za ka tarar da su. Mita 3.4 ƙafa 11 ce da inci 2. Ba a bakin gada ake yin wannan lissafi ba, mota goma na danna maka ham a baya.

To, yanzu batun rara. Wannan magana na gaji da jinta, kuma duk mai faɗinta da cikakken tabbaci yake faɗa, kamar shi ya riƙe tef ranar da aka auna gadar. Abin da ya sa ta ƙi mutuwa shi ne akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. A Ingila, alal misali, lambar da ake sa wa a allo takan gaza ainihin awon da kamar inci 3, wato santimita 7 da ɗoriya. Wannan ba taƙi biyu ba ne, ko rabin taƙi bai kai ba. Kuma ba kyauta aka bar maka ba. An bar shi ne saboda mota tana tsalle in ta taka gargada, sifirin yana lotsawa yana ɗagowa, bodi yana rangaji. In ka cinye wannan ɗan sarari tun kana tsaye, me ya rage maka lokacin da taya ta hau tudun kwalta a tsakiyar gadar? Sannan ƙa'idar wata ƙasa ba ta wata ba ce. Wanda ya ce maka duk allo haka yake, tambaye shi ƙasashe nawa ya karanta dokarsu.

Allon kuma yana ba ka labarin ranar da aka yi awon ne. Bayan nan ana iya sake shimfiɗa kwalta a kan tsohuwa, hanya ta ɗago, allo yana nan yadda yake. Ana iya ratayo bututu ko fitila a ƙarƙashin gadar. A ƙasashen sanyi ƙanƙara kan daskare a kan titi ta ƙara masa kauri. Akwai kuma abin da direban ƙaramar mota bai taɓa lura da shi ba, shi ya sa abokinka bai sani ba: da yawa daga cikin hanyoyin da ke bi ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa gangarawa suke su sake haurawa. Gajeriyar mota tana bin kwarin har gindinsa. Taka mai mita 7 ba ta iya wannan. Tayoyin gaba sun fara hawa, na baya ba su gama sauka ba, tsakiyar motar na rataye sama da inda aka auna. Na'urar sanyaya ɗakinka kuwa galibi a tsakiyar nan take zaune.

Sace iskar taya ya fi wannan muni. Abin da za ka samu 'yan santimita ne. Abin da za ka biya shi ne gefen taya, domin motar-gida kusan kullum tana dab da iyakar nauyinta, tayoyinta na son iska wajen bar 5 a ma'aunin iskar taya, in ka tafi da su a saɓule zaren ciki yana karyewa ba tare da ka gani ba. Ranar da za ta fashe ba a bakin gada ba ce, a babbar hanya ce kana gudu, yara na baya. Kuma a wancan gefen ramin, cikin tsauni, wa zai sake ba ka iska? Haka batun lallaɓawa. Rufin motar-gida siririn falle ne na alminiyam ko roba mai zare, da soso a tsakiya. Nauyin mota irin taka, wajen tan uku da rabi, in yana motsi, ko da tafiyar ƙafa ce, kankare zai yaye rufin kamar murfin gwangwanin kifi. Sannu tana rage ƙara ne kawai. Wanda kuma hayar motar ya yi daga kamfani, ya karanta takardar da kyau, kamfanoni da yawa sun cire ɓarnar rufi daga abin da inshora ke biya.

A garin Durham na jihar North Carolina a Amurka akwai wata gadar jirgin ƙasa mai ƙafa 11 da inci 8, wato kimanin mita 3.56. An kafa alluna, an sa na'urar da ke gano doguwar mota ta kunna gargaɗi, an gitta ƙarfe a gabanta don kare gadar. Kyamarar da ke kallonta tun 2008 ta ɗauki karo sama da ɗari, da yawa manyan motoci ne da aka ɗauko haya da kuma motocin-gida. A 2019 aka ɗaga ta da inci 8, ta koma ƙafa 12 da inci 4, kuma ba a daina dukanta ba. A Birtaniya ana buga gadojin jirgin ƙasa sama da sau 1,500 a shekara. Waɗannan direbobi ba makafi ba ne. Wani ya manta abin da yake ja, wani bai taɓa aunawa ba, wani kuma an gaya masa akwai rara. Ni dai ƙa'idata ɗaya ce da nake ba kowa: in lambar allo ta yi daidai da wadda ka manna ko ta gaza ta, hanyar nan a rufe take gare ka. Ka tsaya, ka kunna fitilun gargaɗi, wani ya sauka ya duba maka baya, ka yi ribas. Masu ham su yi ta yi. Iyalinka amana ce a hannunka, kuma babu ɗaya daga cikin masu zuga ka da zai kwana da kai a asibiti.

Kada ka miƙa wuyanka ga waya. Manhajar taswira irin Google Maps ba ta tambayar tsayin motarka, hanyar ƙaramar mota take zaɓa maka. A 2010, kusa da Syracuse a jihar New York, wata bas mai hawa biyu ta kauce hanyarta ta daki gadar jirgin ƙasa mai ƙafa 10 da inci 9, mutum huɗu suka rasu. Ka nemi na'ura irin ta manyan motoci, Garmin da TomTom suna yi, ka shigar da tsayi da faɗi da nauyi. Ita ma ba kowace gada ta sani ba. In ta ce shiga, allo ya ce a'a, allo za ka bi.

Ramin dutse da tsohuwar gada mai baka matsalarsu ɗaya: tsakiya ce mai tsayi, gefe yana sunkuyowa, motarka kuma akwati ce mai kusurwa. Kafaɗar rufin ce ke fara taɓawa. A Ingila sukan zana fararen layuka a jikin bakan su nuna iya inda tsayin allo yake aiki, sai ka jira hanya ta yi sarari ka bi tsakiya. A ramin gandun Zion na Amurka, wanda aka buɗe a 1930, an yi shekara da shekaru sai an tsayar da motocin ɗaya hannun kafin babbar mota ta bi tsakiya ta wuce. Wasu ramukan ba naka ba ne sam, kamar na babbar hanyar A86 a yammacin Paris da iyakar tsayinsa mita 2. Kafin ka shiga kowanne, cire tabarau, kunna fitila, rufe tukunyar gas daga kanta, kuma ka bincika tun daga gida, akwai ramukan da ke da dokarsu a kan gas. A dogon rami ka bar tazara. A ramin Mont Blanc da ke tsakanin Faransa da Italiya, mai kilomita 11.6, inda gobarar 1999 ta ci rai 39, mita 150 ake bari tsakanin mota da mota, gudu kuma ba ya wuce kilomita 70.

Matsattsiyar gada ba ta kai wannan wuya ba in ka yi haƙuri. Faɗin 2.3 ba ya haɗa da madubai, da su kana iya kai 2.7, kuma a Jamus allon faɗi da madubai yake lissafi. Ka duba allon nauyi ma, wani na motar gaba ɗaya ne, wani na kowane gatari, wato ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama. A Turai allo mai da'ira da jan baki, da jar kibiya a hannunka, yana nufin kai za ka jira. Shuɗi mai kusurwa huɗu yana nufin kai ke da hanya, amma ko da haka kada ka hau sai ka ga ƙarshen gadar. Ka buɗe kwana sosai, ka miƙe motar gaba ɗaya kafin hancinta ya shiga tsakanin bangayen, don tayar baya tana yanke kwana, gindin motar kuma yana fita waje in ka murɗa sitiyari. Giya ta ɗaya, ido kan madubi. Mai yi maka jagora ya tsaya inda kake ganinsa, ku yi yarjejeniya kan alamar hannu tun kafin ya sauka, in ya ɓace maka ka taka birki nan take.

In kuma tsautsayi ya sa ka taɓa gadar jirgin ƙasa, ko da kana ganin ƙujewa ce kawai, kada ka ja mota ka tafi. Dukan na iya gusar da layin dogo a sama, jirgi cike da mutane yana tafe. A Birtaniya akwai ƙaramin allo a jikin gadar mai lambar waya da lambar gadar, shi za ka fara kira, sannan 'yan sanda. A sauran wurare ka kira lambar gaggawa, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka, ka faɗi inda gadar take daidai.