Amsa: ma'anar "perm" a ofis da wurin gyaran gashi

'Yar'uwa, kin ce kin ji "perm" a sakatariya, kin kuma ji ta a bakin mai gyaran gashi, abin ya ɗaure miki kai. Kalma ɗaya ce, an gutsure "permanent", wato na dindindin.

A ofis, "perm sec" shi ne babban sakataren ma'aikatar gwamnati, ma'aikacin da ke nan ko an sauya kwamishina. A tallar aiki kuwa "perm" aikin dindindin ne, kishiyar na wucin gadi.

Ta gashi ce ke rikita mutane. A Turai "perm" nannaɗe gashi ne da sinadari. Wani mai gyaran gashi Bajamushe, Karl Nessler, ya nuna dabarar a Landan a 1906. Mu a nan yawanci man miƙar da gashi ake nufi, wato rilaksa. Sunan dindindin ya dace ne da gashin da man ya taɓa kawai, sabon tsiro yana fitowa yadda Allah ya yi shi.

In za ki yi, ki kula sosai. Kada ki sosa kai kwana biyu kafin ranar, a shafa basilin a goshi, ƙeya da bayan kunne, kada man ya wuce lokacin da aka rubuta a kwali, a wanke da shamfu mai kashe ƙarfinsa. Maimaici sai bayan mako 8, kuma a sabon tsiro kaɗai. Shafa shi kan tsohon gashi ne ke sa ya karye, balle a hunturun Sakkwato da gashi ke bushewa ƙayau.