Amsa ga mai tambaya kan zuwa ganin manyan itatuwan gaɓar tekun Amurka

Malam, ka ce kai da iyali za ku ɗauki motar haya daga San Francisco zuwa Seattle a watan Yuli, kuna da mako guda, kuna son ganin manyan itatuwa da daji mai yawan ruwan sama, kuma kana tambaya ko ku fara biyawa ta Sequoia, gandun dajin nan mai manyan itatuwa. Shawarata ku bar Sequoia sai wani jiƙon. Tana can kudu maso gabas cikin duwatsun Sierra Nevada, hanyarta daban, kuma ba dajin ruwan sama ba ce. Ku kama babbar hanya mai lamba 101, ku yi arewa.

Bayan tuƙin kamar awa huɗu za ku kai Avenue of the Giants, tsohuwar hanya mai kusan kilomita 50 da ta ratsa tsakiyar itatuwan redwood, dogayen itatuwan gaɓar tekun California. Don Allah kar ku kalle su ta gilashin mota kawai. Ku tsaya a kurmin Founders Grove da ke kan hanyar, ku taka da ƙafa. Akwai wata itaciya da ta faɗi a 1991, Dyerville Giant, tana kwance har yau. Saiwarta da ta tumɓuke ta fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, amma za ka ga ba ta da zurfi. Saiwoyin redwood yaɗuwa suke yi gefe-gefe, suna sarƙe da na maƙwabta. Yarana sun fi daɗewa a wurin fiye da ko'ina.

Ku kwana biyu a wajen Crescent City. Hanyar Howland Hill ta ƙasa ce, matsattsa, madubin mota na kusan shafar itatuwa, sai a hankali. Da sassafe za ku bi ta ku je kurmin Stout Grove, kafin hazo ya washe. Hazon nan da ke tasowa daga teku shi ke shayar da itatuwan a watannin da ruwa ya ɗauke.

Itaciyar redwood da ake kira Hyperion kuwa, wadda ta fi kowace itaciya tsayi a duniya, kusan mita 116, an rufe wurinta tun 2022 saboda maziyarta sun tattake gindinta. Tarar na iya kai dala 5,000. Ni dai na goyi bayan rufewar, domin kashi 5 cikin ɗari ne kacal ya rage na tsohon dajin bayan saran katako.

Daga Crescent City zuwa garin Forks a jihar Washington yini guda ne cur, gara ku raba shi biyu. Dajin Hoh da ke kusa da Forks na samun ruwa kusan mita 3.5 a shekara, gansakuka ta lulluɓe rassa tana reto. Ku isa ƙofar shiga dajin kafin tara na safe, in ba haka ba layin motoci zai cinye muku hantsi.

Ku riƙe rigunan sanyi da na ruwa ko da Yuli ne. Naman halal na da wuyar samu a ƙananan garuruwan, ku yi guzuri ko ku dogara da kifi. Ku sauke taswira da jadawalin salla a waya tun kuna gari, sabis na yawan ɗaukewa, kuma magariba a can sai wajen ƙarfe tara na dare.